Zaurukan Sulhu a Ƙasar Arewa: Gyara ga Hanyar Binciken Ɗaliban Zaman Lafiya a Dogondutsi da Tibiri

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda ake kashe rigimar gona da kiwo a gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Dosso, bisa dokokin Nijar da rubuce-rubucen masana kan Mawri, mutanen wannan yanki da ake kira ƙasar Arewa. Hujjarta ita ce, ɗalibin babban digiri da ya dogara da takardun kotu da na hukumomin filaye kaɗai zai ga wutsiyar rikici, farkonsa da tsakiyarsa kuwa su kuɓuce masa.

Gabatarwa

Nazarin zaman lafiya da sasanta rikici ya sami gindin zama a jami'o'in Afirka ta Yamma, daga Ibadan zuwa Cibiyar Nazarin Zaman Lafiya ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Nijar akwai Jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, ga kuma Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014. Sai dai darussan fannin sukan raba hanyoyin sulhu gida biyu, na gargajiya da na zamani. Wannan rabo ya yi wa ƙasar Arewa kaɗan.

Ikon da bai taɓa zama a hannu ɗaya ba

Marc-Henri Piault, a littafinsa *Histoire mawri* na 1970, ya nuna cewa ƙasar ta ginu ne a kan iko iri biyu. Gubawa su ne masu ƙasa, kuma jagorancinsu na wajen Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Arawa kuwa, waɗanda tarihin baka ke danganta asalinsu da Ari, ɗan sarkin Barno, su suka riƙe sarauta. Ke nan tun fil azal wanda ke mulkin mutane daban, wanda ke da ta cewa kan ƙasa daban. A Lugu akwai dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara idan gaskiya ta ɓuya. Adeline Masquelier, a bincikenta na 2001 kan Dogondutsi, ta bayyana yadda yaɗuwar Musulunci ya rage ƙarfin waɗannan wurare. Malamai da rantsuwa da Alƙur'ani ma suna da nasu kaso na aikin. Su ma Fulani makiyaya suna da nasu shugabanni, rugga da garso. Duk wanda ya tara waɗannan a ƙarƙashin suna ɗaya ya ɓoye gasar da ke tsakaninsu.

Abin da doka ta ƙara

Dokar karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin filaye, waɗanda a yau suke aiki a matakin gunduma da kwamin da ƙauye, ta kuma wajabta a gwada sulhu a gaban sarakuna kafin a je kotu. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙin makiyayi, ta tanadi kwamitocin sulhu masu wakilcin manoma da makiyaya daidai wa daida. Sarki dai mai sasantawa ne a idon doka, yanke hukunci na alƙali ne.

Inda takarda ba ta kai

A ɗauki ɓarnar gona a ƙarshen kaka. Shanu sun faɗa gonar wake kafin hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki. Mai gona ya kai kuka wurin mai gari, aka aiki dattawa su bi sawu, su auna abin da aka cinye, su tantance ko da rana aka yi ɓarnar ko da dare, don ba a ɗaukarsu da nauyi ɗaya. Aka kira garso. Kafin a fara ciniki kan diyya, Ba'are da Bafulatani na iya buɗe zaman da tsokanar juna, domin taubasai ne. Wannan wasa na Nijar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Idan aka daidaita, a sha hannu, a yi fatiha, a watse. Sau da yawa ba a rubuta komai. Abin da ke isa ofis shi ne maganar da ta gagari wannan zama, don haka taskar takardu tarin sulhun da ya faskara ce.

Akwai kuma canjin da ya kamata a zuba wa ido a kwarin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa. Ranar sakin gonaki an tsara ta ne da hatsi da wake, waɗanda ake girbewa a bar kara da harawa. Lambun rani ba ya sakuwa. Yana tsaye da shingensa daidai lokacin da dabbobi suka fi buƙatar mashaya, kuma a ganin wannan maƙala nan ne dokokin yanzu suka fi rauni.

Tsaro ma ya shigo cikin lissafi. Yankin na iyaka da jihohin Sakkwato da Kebbi, kuma a Yunin 2024 'yan bindiga sun kashe sojojin da ke gadin bututun man fetur a gundumar Tibiri. A irin wannan yanayi ƙaramar rigimar burtali na iya rikiɗewa ta zama zargin haɗa baki da mahara, makiyayi kuma ya ji tsoron zuwa zaure ya kare kansa.

Hanyar da ake ba da shawara

Ɗalibi ya zaɓi rigingimu ƙalilan, a Matankari ko Geceme ko Kore Mairuwa, ya bi kowace daga bakin gona zuwa inda ta tsaya, yana lura da zauren da kowane ɓangare ya zaɓa da wanda ya ƙaurace wa. Ya tsara zamansa ya ratsa kaka da rani. Ya ji Hausar Arewa da kunnensa, ya nemi tafintan Fulatanci wanda ba ɗan fadar mai gari ba, ya kuma zauna da matan da ke noma gonakin aro, waɗanda sunayensu ba su cika fitowa a takardar sulhu ba.