Rabon Makamashi Tsakanin Sassan Tattalin Arziki a Yankin Bakolori: Nazari kan Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda gidaje, noma, sufuri da ƙananan masana'antu ke cin makamashi a ƙananan hukumomi uku na jihar Zamfara. Ta nuna cewa itace da man fetur ne ke ɗauke da nauyin yankin, ba lantarki ba, don haka duk tsarin da ya tsaya ga lissafin mita zai bar mafi yawan jama'a a baya.

1.0 Gabatarwa

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, an kuma sa mata injinan lantarki masu ƙarfin megawat 3. An tsara shayar da kadada 23,000: kimanin 15,000 ta hanyar feshi, 8,000 kuma ta magudanai. Ke nan tun farko an ɗora mafi girman ɓangaren aikin a kan makamashi.

2.0 Gidaje

Kamar yadda yake a Nijeriya baki ɗaya, gidaje ne suka fi cin makamashi, galibinsa a murhu. Itace da gawayi da karan dawa su ne abin girki. Matar da ke turara shinkafa a tukunya kafin a kai ta injin casa, aikin masana'anta take yi, amma itacen da ta ƙona yana shiga lissafin gida. Wannan na ɓoye ainihin kason sana'o'in mata.

3.0 Noma

A nan matsalar ta fi fitowa fili. Ban-ruwan feshi yana bukatar famfuna masu aiki ba yankewa. Da wuta da kayan gyara suka gagara, sai tsarin ya durƙushe. Manoman rani suka koma ga ƙananan injinan ban-ruwa masu shan fetur. Manomi kan ɗauko injinsa da jarka a bayan babur, ya jefa tiyo a rijiyar fadama, ya shayar da fanginsa gwargwadon man da aljihunsa ya iya saya. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara wa wannan sashe nauyi kai tsaye. Shirin gyaran ban-ruwa na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya karkata ga magudanai, inda gangare ke tafiyar da ruwa ba tare da mai ba.

4.0 Sufuri da Masana'antu

Babura da motocin da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato sun dogara kacokan ga fetur da dizal. Masu injin niƙa da masu walda kuwa janareta suke tayarwa idan an ɗauke wuta, kuɗin man kuma ya ƙare a kan mai saye.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne ƙididdiga ta raba itacen sana'a da na girki, ta kuma ware man gona daga na sufuri. Ana ba da shawarar a inganta lantarkin Bakolori don masu casar shinkafa, a tallafa wa ƙungiyoyin manoma da famfunan sola, a yaɗa murhu mai rage cin itace. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ta dace ta jagoranci wannan aune-aune gida-gida, gona-gona.