Masu Tsawaita Ran Injin Fotokwafi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Idan ana ba da tarihin adabin Hausa na zamani, sunayen marubuta da maɗaba'u da dillalan littattafai ake lissafawa. Akwai mutum ɗaya da ba a taɓa sa shi a lissafi ba, wato mai gyaran injin fotokwafi. Alhali kuwa rubutu mai yawa da ya tsira daga ɓacewa a Kano, ta cikin injin da ya riga ya tsufa ya bi, kuma hannun mai gyara ne ya hana injin nan mutuwa.

Kwafar rubutu tsohuwar sana'a ce a Kano. Tun kafin zuwan Turawa akwai malaman da abincinsu ke nan, su kwafe Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da alƙalami da tawada, a kan takardar da ake kawowa ta Sahara, irin mai tambarin jinjirin wata uku da ake yi a Italiya. Da boko ya zo sai tafireta ta shigo, ana jera takardar kabon a samu kwafi uku ko huɗu a bugu ɗaya. Makarantu da ofisoshi kuma suka riƙi injin Gestetner mai aiki da sitensil.

Shi injin fotokwafi asalinsa Amurka ne. Chester Carlson ya fitar da kwafin farko ranar 22 ga Oktoba, 1938, a birnin New York. Sai a 1959 kamfanin Xerox ya fito da samfurin 914, wanda ya karɓu a ofisoshi domin yana bugawa a kan takarda ta yau da kullum. Injin ya doshi kilo 300, kuma saboda yakan ƙona takarda, har da ɗan abin kashe gobara ake haɗa shi. Abin lura shi ne, haya kamfanin yake bayar da shi, yana ƙirga kwafin da aka yi, idan ya lalace ya turo ma'aikacinsa. Wato tun farko an ƙera injin ne da tunanin akwai mai kula da shi a kusa. A shekarun 1970 kamfanonin Japan irin su Canon da Ricoh da Sharp da Minolta suka shigo da injina ƙanana masu sauƙin kuɗi.

Abin da ya sauya labarin a Najeriya shi ne 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu. Kafin nan Naira tana kafaɗa da kafaɗa da Dala. Zuwa 1987 Dala ɗaya ta kai wajen Naira 4, a 1993 kuma farashin gwamnati ya kai wajen Naira 22. Sabon inji ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, sai aka koma ga na hannu, waɗanda ofisoshin Turai suka gama yayinsu, ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Legas a hauro da su Arewa. Injin ya iso Kano da tsufansa, babu kamfani a bayansa, babu takardar garanti. Gurbin ma'aikacin kamfani sai mai gyara na unguwa ya cike shi.

Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni wuri ne da takarda ba ta yankewa. A Titin Kotu akwai kotuna, kuma shari'a ba ta tafiya sai da kwafin takardar rantsuwa da ta fili da ta gado. A Titin Zariya ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da ɗalibansa da ma'aikatansa da majinyata, kowa da takardar da zai kwafa. Ga kuma Titin Gidan Zoo da ofisoshinsa da shagunansa. Inda ake wannan hada-hada, injin da ya tsaya na yini ɗaya ya hana mai shago cefane, don haka mai gyara ya zama kamar likitan gida.

Kafin a gane aikinsa sai an san yadda injin yake aiki. A cikinsa akwai wata ganga mai santsi da masu sana'ar suke kira diram. Ana ɗora mata cajin lantarki, haske ya haska takardar asali, inda yake fari cajin ya gushe, inda yake da rubutu cajin ya zauna. Garin tawada, wato tona, sai ya manne a inda cajin ya rage, daga nan ya koma kan takarda. Takardar ta bi ta cikin hita mai zafin da ya kusa digiri 200, garin ya narke ya kama. A ƙarshe wata siririyar roba, wadda ake ce wa biled, ta share ragowar garin daga jikin diram. Kowanne daga cikin waɗannan sassa yana da adadin kwafin da aka yanka masa, kuma Kano tana rage wannan adadi. Ƙurar hunturu tana kankare diram kamar yashi. Laimar damina tana sa takarda ta maƙale. Wutar da ke hawa da sauka, da canji daga ta gwamnati zuwa janareta, suna cin hita da allon lantarki.

A nan hikimar take. Robar da ke jan takarda idan ta yi sulɓi, a goge ta da tsumma mai laima, ko a ɗan kankare ta da samfefa, ko a juya cikinta ya koma waje. Siririyar wayar da ke ba diram caji a share ta a hankali, layin baƙi ya ɓace daga kwafi. Madubi da gilashi a goge, rubutu ya fito fes. Mazubin tona idan ya ƙare a buɗe a ɗura wani. Inji biyu da suka mutu a haɗa sassansu a tayar da ɗaya, shi ya sa ba a jefar da mataccen inji, ajiye shi ake yi a bayan shago ana ciro masa haƙoran giya da sukurori. Da kamfanoni suka fara sa ɗan guntun lantarki mai ƙirga kwafi a jikin mazubi don ya ƙi aiki bayan adadinsa, sai aka koyi canza shi. Shi kansa Xerox tun farkon shekarun 1990 ya kama karɓar tsofaffin injinansa yana sabunta sassansu a masana'anta. Abin da ya yi da tsari da jari, masu gyaran Kano sun yi shi da sukundireba da haƙuri.

Karyewar darajar Naira da ta kawo tsofaffin injina ita ce kuma ta durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, har marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu. A wannan zamani Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ƙananan maɗaba'u ne suka buga littattafan, aikin fotokwafi a gefe yake, amma gefe ne mai muhimmanci. Marubucin da ya cika littafin makaranta da rubutun hannu ba shi da wata kariya daga ɓata ko gobara ko ruwa sai kwafi na biyu. Yawancin littattafan wancan lokaci a kan takarda mai araha aka buga su, wadda take yin ja ta karye, kuma da yawa ba a sake buga su ba. Ɗalibin da ke nazarin adabi a Jami'ar Bayero sau da yawa kwafin kwafi yake samu ya karanta.

Sai dai gyara yana da iyaka, kuma marubuci ne yake biyan kuɗin wuce iyakar. Diram ɗin da fatarsa ta cinye ba ya dawowa, duk shafi zai fito da toka-toka ko layi a wuri ɗaya. Garin da aka kwaso daga mazubin shara aka mayar yana ba da rubutu mai datti. Hitar da ta gaji ba ta narkar da tona yadda ya kamata, sai rubutu ya yi kyau a ido, bayan 'yan shekaru ya kakkaɓe. Saboda haka idan za ka kwafi rubutunka ko wani tsohon littafi da ka aro, ka nemi a fara fitar da shafi ɗaya. Ka murza shi da babban yatsa, ka naɗe shi a kan layin rubutu. In baƙi ya biyo yatsanka, ka nemi wani shagon. Ka zaɓi takarda mai nauyin giram 80. Kada ka adana kwafi a cikin jakar roba mai laushi, domin tona yana manne mata ya bar takarda, musamman a zafin bazara. Ka kuma ɗauki hoton kowane shafi ka ajiye a wuri biyu.

Yau waya ta karɓe rabin aikin, ga kasuwar Farm Centre nan a Tarauni cike da matasa masu gyaranta, sana'a ɗaya ce ta canza kaya. Amma kotu da asibiti da makaranta har yanzu takarda suke nema, kuma dattawan da suka fara gyaran injinan nan a shekarun 1980 da 1990 suna ta tsufa. Mai neman abin rubutawa ya je ya zauna da ɗayansu, ya tambaye shi inda ya koyi aikin, da injin farko da ya buɗe, da irin takardun da suka bi ta hannunsa. Allah Ya sa mu dace.