Ashleigh Johnson, mai tsaron gida a cikin ruwa

Ni malamin makaranta ne a Illela. Kowace damina, da tafkuna sun cika, sai mu ɗauki bulala muna korar yara daga bakin ruwa. Tarihin wata ƴar wasa ta Amurka ya sa na sake tunani.

An haifi Ashleigh Johnson a 1994, ta tashi a yankin Miami. Mahaifiyarta, ƴar asalin Jamaika, tana da ƴaƴa biyar, kuma akwai tafkin wanka a gidansu. Tsoron kada wani ya nutse ya sa ta kai su aka koya musu iyo. Daga nan Ashleigh ta shiga ƙwallon ruwa, inda mutum bakwai-bakwai ke jefa ƙwallo a raga da hannu, ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Ita ce mai tsaron gida.

Ta yi wa Jami'ar Princeton wasa. A 2016 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta wakilci Amurka a wannan wasa a gasar Olamfik. A Rio suka doke Italiya 12 da 5, suka ɗauki zinare. A Tokyo, 2021, suka doke Sifen 14 da 5.

Iyaye, tsoron uwar nan irin namu ne. Amma bulala ba ta hana yaro zuwa tafki, ɓoye mana kawai yake yi. Bana ina roƙonku mu samo babban da ya iya iyo, ya koya musu inda ruwa bai da zurfi, mu kuma muna tsaye.