Wayar Ɗan Kasuwa Tsakanin Bauchi Da Kudu: Me Za A Ɓoye, Me Za A Bari A Buɗe?

A Kasuwar Muda Lawal da ke garin Bauchi, yawancin ciniki da mutanenmu na Legas, Ibadan da Fatakwal yanzu ta waya ake ƙulla shi. Can ake tura kuɗi, nan ake lodin kaya. Ka ga kenan jarin mutum yana cikin wayarsa. Dillali, direba da ɗan rakiyar kaya su suka fi shiga haɗari. Ƙa'idar guda ce: a ɓoye kuɗi ga baƙon ido, a bar mutum ɗaya na gida ya san inda kake.

Layin waya

Ɓarawo ba wayar kaɗai yake so ba, layin yake nema. In ya cire shi ya sa a wata waya, da *565*0# zai ga lambar BVN ɗinka, daga nan ya fara laluben asusu. Maganinsa sa wa layin lambar sirri a saitin waya. In an yi kuskure sau 3, layin zai kulle sai da lambar PUK, don haka a adana katin da layin ya zo a jikinsa. Tun Disamban 2020 hukumar NCC ta wajabta haɗa layi da NIN, kenan duk ɓarnar da aka yi da layinka sunanka za a nema. Ya ɓace? Kira banki da kamfanin layin nan take su rufe.

WhatsApp

A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lamba 6 ce. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo maka, ko da sunan ƙungiyar kasuwa ya zo, ɗan damfara ne.

Kan hanya

Masu garkuwa da mutane kan duba alat na banki kafin su yanka kuɗin fansa. A goge irin waɗannan saƙonni kafin tafiya, babban asusu kuma kada ya zauna a wayar hanya. Kada a sa hoton mota ko ranar tashi a Facebook. Amma a tura wa ɗan'uwa amintacce wurin da kake kai-tsaye ta WhatsApp. Yana ɗaukar awa 8, sai a sabunta.

Kulle

Lamba ta fi zanen yatsa, domin ana iya danna yatsan mutum yana barci ko da ƙarfi. Kwamfutar da ake lissafin shago ita ma a sa mata kalmar sirri, kar a bar ta buɗe wajen mai gyara.

Sai dai kulle in ya yi yawa shi ma matsala ne. Mutum kan rasu, magada su rasa sanin bashin da yake bi da wanda ake bin sa. A rubuta basussuka da sunan banki a littafi, a ajiye a gida. Allah Ya tsare hanya.