Ghana Must Go: wa aka kora, wa aka ɗaga wa ƙafa?

1/ Jakar Ghana Must Go kowa ya san ta, amma labarin korar da ta ba ta suna fa? Mu koma 1983. Lokacin Dutse tana cikin tsohuwar Jihar Kano, sai a 1991 aka yanke Jigawa.

2/ A shekarun 1970 kuɗin fetur ya cika ƙasa, baƙi suka yi ta shigowa, kuma kusan kowa da layinsa. 'Yan Ghana suna koyarwa a sakandare, suna gini da ɗinki. Buzaye sun riƙe gadi. 'Yan ci-rani daga Damagaram kuwa ga-ruwa, dako, yankan farce. Har ta kai in ka faɗi sana'a, an san ɗan wace ƙasa kake nufi.

3/ Sai farashin mai ya faɗi. A Afrilun 1982 gwamnatin Shagari ta tsuke bakin aljihu, kwangiloli suka tsaya, albashi ya fara makara.

4/ Ran 17 ga Janairu 1983, Ministan Cikin Gida Ali Baba ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako 2 ya fita. An ƙiyasta wajen mutum miliyan 2 suka bar ƙasar, kusan rabi 'yan Ghana.

5/ To, nan fa rabon sana'a ya yi aikinsa. Ƙwararru irin su malamai da ma'aikatan jinya an ƙara musu wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu, don an san ajujuwa za su zama wayam. Lebura da mai gadi ba wanda ya ce su dakata. A ganina ba takarda kaɗai aka duba ba, an duba wanda tafiyarsa za ta yi wa gwamnati ciwo.

6/ Bahaushen Nijar yakan saje da mutanen Gumel ko Kazaure, harshe ɗaya, sutura ɗaya. Buzu da rawaninsa a bakin ƙofar gida ina zai ɓuya?

7/ Soja ma ba su sassauta ba. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984, ta sake korar baƙi a 1985, ba a buɗe ba sai 1986. Kasuwannin kan iyaka irin Maigatari sun ji jiki. Ga fari ya ci amfanin gona a Nijar, ga hanyar ci-rani da ta hatsi a toshe. Yunwar wannan shekarar, mutanen Maraɗi da Damagaram suka sa mata suna El Buhari, wato 'yar Buhari.