Asalin Kalmar Fiyano

Kalmar fiyano, wadda ta iso mana ta bakin Turawan Ingila, asalinta daga luggar Italiya take, ma'anarta kuwa "a hankali". Kafin bayyanar fiyano, cembalo makaɗan fadojin Turai suke kaɗawa, wanda ɗan tsinken gashin hankaka ke fizgar tsirkiyarsa, saboda haka ko makaɗi ya danna da ƙarfi ko da lallami, amon bai cika sauyawa ba. Da Bartolomeo Cristofori ya musanya tsinken da 'yar guduma mai fata a birnin Fulorans, wajen shekarar 1700 Miladiyya, sai aka laƙaba wa ƙirarsa "piano e forte", wato a hankali da kuma ƙarfi. Daga bisani harsunan jama'a, bisa ɗabi'arsu ta son taƙaitawa, suka yar da ƙarfin.