Tarihin Wasu Kalmomin Ingilishi a Bakin Hausawa: Waiwaye Daga Ƙasar Kuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda aiki ya kawo shi Kuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro a Jihar Neja, zai tarar da Hausa ce harshen ciniki tsakanin Gbagyi da baƙi. A kasuwar doya da tashar mota ana ta furta kalmomin da asalinsu Ingilishi ne, alhali masu furta su ba su ɗauke su baƙi ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wasu daga cikinsu, don a ga lokacin shigowarsu, da yadda lafazinsu da ma'anarsu suka sauya.

2.0 Hanyoyin Shigowa

Hanya ta farko ita ce ta soja da mulki. A shekarar 1902 Lugga ya mayar da hedikwatarsa Zungeru, kuma Hausa ce harshen da ake sarrafa dakarunsa da shi. Daga wannan zamani aka sami soja, kofur, samanja, hafsa, razdan da bariki. Ta biyu ita ce hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda aka fara a 1907, ta ratsa Minna, ta isa Kano a 1911. Irin wannan aiki ne ya yaɗa reluwe, lebura, tasha, tikiti da fasinja. Ta uku ita ce ta lantarki, wadda madatsar ruwan Shiroro da aka buɗe a 1990 ta ƙara wa ƙarfi a wannan yanki: mita, injiniya, taransifoma.

3.0 Sauyin Lafazi

Masu aron farko da kunne suka ɗauki kalma, ba daga takarda ba, saboda haka suka ɗora ta kan tsarin gaɓar Hausa. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere, don haka aka saƙala wasali: “bread” ta zama burodi, “brake” ta zama birki. Sautin /p/ ya koma /f/, kamar a fam da fensir, shi kuwa /v/ ya koma /b/, kamar a direba. Wasu kalmomin sun yi nisa da tushensu har sai an lura: likita daga “doctor”, asibiti daga “hospital”. Babbar shaidar zamansu 'yan gida ita ce jam'i. Mota ta ba da motoci, inda /t/ ta ganɗance kafin /i/, daidai da yadda ake samu a kalmomin asali.

4.0 Sauyin Ma'ana

Bariki da farko mazaunin soja ne da Turawa, amma a yau zaman bariki na nufin rayuwar da ta kuɓuce wa tarbiyyar gida. Waya ta tashi daga zaren ƙarfe ta zama tarho, har da na hannu wanda ba shi da zare. Kwabo daga “copper” take, wato jan ƙarfen da ake buga shi da shi. Ta shiga sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma da aka sauya kuɗi a 1973 sunan ya bi sabon kuɗin.

Sai dai kamannin sauti na iya yaudarar manazarci. An daɗe ana koyar da cewa boko daga “book” take. A 2013 Paul Newman ya nuna cewa kalmar Hausa ce ta asali mai ma'anar algus ko yaudara, kamar yadda ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo. Ga kuma amaryar boko a al'adar aure tana ƙarfafa wannan hujja.

5.0 Kammalawa

Kowace ararriyar kalma tana ɗauke da tarihin ranar da ta shigo da bakin da ya karɓe ta. Dattawan da suka gaji kalmomin reluwe daga iyayensu a Minna da kewayenta suna ƙarewa, matasa kuma suna komawa ga lafazin makaranta. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su hanzarta naɗar maganganun waɗannan dattawa, domin ƙamus yana adana kalma, amma ba ya adana muryar mai ita.